Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar: A Sauƙaƙa wa Dattawa Tsallaka Iyaka

Mai girma Sakatare Janar da sauran shugabannin hukuma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ni ɗan fansho ne mazaunin Katsina, kuma rabin dangina suna Maraɗi da Tibiri, kamar yadda abin yake a gidaje da yawa na wannan yanki. Na kawo kukana gare ku ne saboda ku ne zauren da gwamnatocin biyu suka kafa tun 1971 domin al'amuran da suka ratsa iyaka, kuma wannan magana Abuja ba za ta iya warware ta ita kaɗai ba, haka ma Yamai. Maganar dattawa ce, maza da mata, da yadda tafiyar da ba ta kai ta wuni guda ba ta koma abin da sai an yi adashi kafin a yi ta.

Tsofaffinmu ba yawon buɗe ido suke fita ba. Gyatumar da ta ɗaure ƙunshin daddawa da kuka ta nufi Damagaram, gaisuwar mutuwa za ta, ko sunan jika, ko duba ƙanwarta da ke kwance. Zumunci a ƙafa yake, kuma har yau ba a zaman makoki ta waya. Kun fi ni sanin asalin wannan dangantaka. Bayan jihadi sarakunan Katsina na da suka koma arewa suka zauna a Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tibiri, shi ya sa har gobe mai sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya tarar da mutane da aurensu da kasuwanninsu da maƙabartunsu. Ga kuma neman magani: mutanen Nijar na zuwa asibitocin ido na Kano, namu na zuwa Galmi da Danja. Ga ziyara, wasu zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, wasu zuwa Maulidin Kiyota. Duk wanda ya leƙa motocin da ke wannan zirga-zirga zai ga furfura ta fi yawa fiye da yadda masu tsara sufuri ke zato.

Tsakanin Katsina da Maraɗi kimanin kilomita 90 ne. In da a cikin ƙasa ɗaya garuruwan suke, mutum zai karya kumallo a gidansa ya yi walaha a gidan ɗan'uwansa. Amma ga yadda ake yin ta. A tasha za a zauna jiran mota ta cika, babu wanda zai ce maka ga lokacin tashi. Ƙananan motoci ne, a cusa mutum huɗu a baya, biyu a gidan gaba. Dattijon da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa dole ya sayi kujera biyu, wato kuɗin motarsa ya ninka tun bai bar gari ba. Da yake ba a barin mai shekara saba'in da wani abu ya yi irin wannan tafiya shi kaɗai, akwai kuɗin jikan da zai raka shi. A Magama ta Jibiya sau da yawa sai an sauka, a sauke kaya, a bi layin takardu a tsaye cikin rana, a nemi ɗan kabu-kabu ko mai ɗaukar kaya, sannan a sake neman wata motar a ɓangaren Ɗan Isa, a sake biyan kuɗin kaya, a sake zaman jiran cika. Tsakanin nan akwai ɗan canji. Mutumin da ya saba lissafi da naira an dawo masa da dala da jika, idonsa ba ya ganin lambar da ke jikin takardar kuɗi sosai, ga hayaniya, ga direba na kiran saura mutum ɗaya. Abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

Saboda haka in kun tambayi kuɗin mota kawai, za a faɗa muku adadin da bai taka kara ya karya ba, ku ce ai da sauƙi. Tsadar tana cikin karyewar tafiyar. Duk inda aka sauka aka sake hawa, nan ake tatsar fasinja, kuma wanda ƙafarsa ta fi rauni shi ya fi biya, don shi ne ba zai iya ɗaukar jakarsa ya taka mita ɗari biyar ba. Saurayi kan tsallake rabin waɗannan kuɗaɗe da ƙarfin jikinsa. Tsoho kuwa da aljihu yake biyan abin da jiki ya gaza.

A kan wannan ne cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023 ya sauka, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Naira ta faɗi har jika ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000 a 2024. Fansho bai bi ko ɗayansu ba, kuma mafi yawan tsofaffin ma ba su da fanshon, manoma ne da 'yan koli da masu saƙa da suka ajiye sana'a, suna jiran abin da 'ya'ya za su aiko.

Sai rufe iyaka. An rufe ta a Agustan 2019. A Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, amma Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022. Ba a jima ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Ba siyasar abin ce ta kawo ni ba, kowace gwamnati da hujjarta. Abin da nake so ku lura da shi shi ne wanda rufewar ta tsare. Ba ta tsare mai fasa-ƙwauri ba, ba ta tsare saurayi ba, don babura sun ci gaba da ratsa gonaki dare da rana. Wanda ta tsare shi ne wanda ƙugunsa ba zai jure awa guda kan babur cikin rairayi ba. An binne 'yan'uwa da yawa a shekarun nan ba tare da yayyensu da ƙannensu na ɗaya ɓangaren sun tsaya a kan gawa ba. Haka a Gaya, kan iyakar Nijar da Benin, da gadar Malanbil ta zauna a rufe, fasinjoji suka koma tsallaka Kwara a kwalekwale da kayansu a ka. Ku ɗan kwatanta tsohuwa mai sanda tana saukowa gangaren kogi za ta shiga jirgin ruwa. In har wata rana za a sake rufe iyaka, Allah ya kiyaye, ya kamata a ce akwai yarjejeniya a rubuce tun yanzu wadda ta bar ƙofa ga mara lafiya da mai zuwa jana'iza da wanda ya haura shekara sittin.

Batun takardu shi ya fi ɗaure wa mutane kai a yanzu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, kuma mun yi murna da hakan. Sai dai sanarwar da aka yi a babban birni daban, abin da za a tambaye ka a bakin shinge daban. Tambayar da ake yi a kowace tasha ita ce: wace takarda ce ke wucewa? Katin ɗan ƙasa ya isa? Sai fasfo? Takardar tafiya ta ECOWAS tana aiki? Amsar ta danganta da wanda ka tambaya, kuma duk inda doka ba ta fito fili ba, nan farashi ke shiga. Wanda bai san haƙƙinsa ba, in an ce ya kawo na goro zai kawo, ba rasit, don kada motar ta tafi ta bar shi.

In kuwa aka ce sai fasfo, to an rufe wa talaka ƙofa ke nan. Tun Satumban 2025 ƙaramin fasfon Najeriya na shekara biyar naira 100,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Dattijon ƙauye zai je babban birnin jiha a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, yatsun da fartanya ta shafe musu zane, a tambaye shi takardar haihuwa, shi da aka haifa shekarar da aka yi wata yunwa ko aka naɗa wani sarki. Duk wannan don ya je garin da yake iya jiyo rediyonsa daga tsakar gidansa. Abin da nake roƙo a nan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Hukumomin shige da fice na ƙasashen biyu su zauna ƙarƙashin inuwarku su fitar da magana ɗaya: ga takardun da ake karɓa, ga abin da ake biya in akwai, ga abin da ba a biya. A rubuta a babban allo da Hausar boko da ajami da Faransanci da Ingilishi a Jibiya da Ɗan Isa, a Illela da Ƙonni, a Kongolam da Ɗan Barto, a Maigatari da Kamba. A karanta a gidajen rediyon Katsina da Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, don tsoho da rediyo yake kwana. Sannan a duba yiwuwar katin mazauna iyaka mai araha ga dattawan jihohin da ke maƙwabtaka, wanda hakimi ko mai gari zai shaida.

A allon nan a ƙara layi ɗaya kan katin allurar shawara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, katin ba ya tsufa. Kuma ga wanda ya haura sittin bai taɓa yin ta ba, likita ne ya kamata ya auna ko ta dace da shi, domin illarta ta fi yawa a wannan shekaru. Bai kamata a ce wa dattijo katinsa ya ƙare ba, balle a tsira masa allura a gefen hanya don a cike takarda.

Yanzu motar kanta. A nan dole in yaba wa Nijar. Kamfanonin safa irin su Rimbo da STM da Al Izza sun saba wa mutane da tikiti mai lambar kujera, da lokacin tashi sananne, da tasha mai wurin alwala da tabarmar da baƙo zai kwana kafin motar asuba. Tsohon da ya hau a Maraɗi ya san zai yi doguwar tafiya ta sama da kilomita 600 zuwa Yamai, amma ya san kujerarsa tasa ce, kayansa na ƙasa da lamba a jiki, kuma za a tsaya salla. A ɓangarenmu irin wannan tsari ya fi yawa a hanyar Legas zuwa Kwatano da Lome da Akra, inda manyan safa ke ratsa iyaka uku da fasinja a kujerarsa, ma'aikacin kamfani ya tattara fasfo ya kai a buga hatimi. Abin da ya yiwu a bakin teku me zai hana shi tsakanin Kano da Damagaram, ko Sakkwato da Ƙonni? Safa ɗaya da safe, ɗaya da rana, tikiti ɗaya daga tasha zuwa tasha da kuɗin kaya a ciki, farashi a rubuce da naira da sefa, jami'i ya hau mota ya duba takardu maimakon a sauke kowa. Kujerun gaba guda huɗu a ajiye wa tsofaffi da masu lalura. A riƙa tsayawa a inda akwai ban-ɗaki na gaske, domin mai ciwon suga da mai matsalar mafitsara ba sa iya riƙe fitsari, kuma kunya ba ta barin dattijo ya ce wa direba sa'an jikansa ya tsaya. Da yawa sukan ƙi shan ruwa tun daren jiya saboda wannan, a zafin watan Afrilu, da hawan jini a jiki.

Na san inda gardama za ta taso. Karyewar tafiyar nan abincin wasu ce: 'yan kamasho, direbobin ƙananan motoci na kowane ɓangare, 'yan kabu-kabu, masu ɗaukar kaya. Su ma talakawa ne masu iyali, kuma ƙungiyoyin direbobi ba za su zuba ido a ɗauke musu fasinja ba. Shi ya sa ba na ganin a kawo kamfani daga sama a ɗora musu. A kira shugabannin ƙungiyoyin na Katsina da na Maraɗi a ba su lasisin hanyar tare, mota daga nan, mota daga can, su raba. Wanda ke da rabo a cikin abu ba ya tare masa hanya.

Haka batun rangwame. Kada a ce direba ya ɗauke shi daga aljihunsa, don in aka yi haka gobe zai ga tsoho a bakin tasha ya ce mota ta cika. A Birazil dokar tsofaffi ta 2003 ta ware kujera biyu kyauta a kowace safa mai ratsa jihohi ga mai shekara 60 zuwa sama wanda samunsa bai wuce ninki biyu na mafi ƙarancin albashi ba, in kujerun sun cika a yi masa rabin kuɗi. A Birtaniya mai shekara 60 na sayen kati ya samu ragin kashi ɗaya cikin uku a jirgin ƙasa. Mu ma ba baƙon abu ba ne: a ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta biya rabin kuɗin manyan safa ta kuma bar jirgin ƙasa kyauta na kusan mako biyu saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Ashe ana iyawa in an so. Najeriya na da cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021, ita ya kamata ku jawo cikin zancen. Amma a sa abin cikin doka ko yarjejeniya, kada ya zama kyautar da ake yi da baki. Indiya ta daɗe tana rage wa tsofaffi kuɗin jirgi, kashi 40 ga maza, kashi 50 ga mata, aka dakatar a Maris na 2020 da sunan korona, cutar ta wuce rangwamen bai dawo ba.

Abin da ya sa na ga bai kamata wasiƙar nan ta jira ba shi ne jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, amma bai taɓa tsallaka iyakar arewa ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin wannan layi mai kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Kusan duk bayanin da ake yi a kansa na kaya ne: tan nawa zai ɗauka, yadda zai haɗa Nijar da tashar ruwan Legas. Madalla. Sai dai mun ga layin Yamai zuwa Doso da aka yi bikinsa a 2016, ƙarfe na shimfiɗe ba fasinja. Shimfiɗa dogo daban, jirgin da talaka zai hau daban, kuma abubuwan da ke hana tsoho hawa ana yanke su ne tun a takardar zane, lokacin da ba wanda ya tambaye shi.

Tsayin dandamali ya yi daidai da ƙofar tarago, don kada a riƙa ɗaga mutane kamar buhu. In akwai gadar tsallaka layi, a yi mata gangare, kada a dogara da na'urar hawa mai jiran wutar lantarki. A bar tagar sayar da tikiti da kuɗi a hannu. Jirgin Abuja zuwa Kaduna ya koma sayar da tikiti ta intanet a 2021 don maganin 'yan bumburutu, niyya mai kyau, amma wanda wayarsa 'yar rakani-kashi ce sai ya nemi yaro ya saya masa, yaron ma da ladansa. A samar da tarago mai araha wanda kuɗinsa bai fi na mota ba, in ba haka ba jirgin na 'yan kasuwa da ma'aikata ne kawai. Tashoshin sababbin layuka kan kasance bayan gari, don haka a haɗa su da motar da za ta kai mutane cikin gari a farashi sananne, kada abin da aka rage a tikiti ya tafi a kuɗin adaidaita. Mafi muhimmanci, a duba takardu a cikin jirgi. Layin TAZARA da ya haɗa Tanzaniya da Zambiya tun shekarun 1970 haka ya saba yi, jami'ai su hau su buga hatimi fasinja na zaune. In aka ce kowa ya sauka a Jibiya da kayansa ya bi layi ya sake hawa, to an kashe kusan dala biliyan biyu an sake gina wahalar da muke ciki.

Ban manta da tsaro ba. Mu da ke bin hanyar Jibiya mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin, kuma harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 bai bar zukata ba. Ba wanda ya ce kada a binciki tsoho. A buɗe jakarsa, a duba ƙunshin gyatuma, mun yarda. Bincike ɗaya mai kyau a wuri ɗaya mai inuwa da benci ya fi shinge goma da ba abin da ake dubawa sai hannun direba, kuɗin da shi kuma zai fanshe a kan fasinja. Safa mai jerin sunayen fasinjoji da lokacin tashi da rana tsaka ta fi sauƙin tsarewa fiye da ƙananan motoci hamsin da babura ɗari da ba wanda ya san wa ke kansu.

Ranku ya daɗe, na san dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami a 'yan shekarun nan, kuma manyan batutuwa na gabanku. Wannan ƙarami ne, shi ya sa za a iya farawa da shi ba tare da kowa ya ji an taɓa martabarsa ba. Ina roƙon ku sa shi cikin ajandar zamanku na gaba, ku gayyaci masarautun Katsina da Maraɗi su turo dattawa maza da mata da ke bin hanyar, tare da shugabannin direbobi da jami'an iyaka, a gwada allon takardu da layin tsofaffi da safa mai tikiti ɗaya a Jibiya da Ɗan Isa na wata shida. In ya yi, a kai Illela da Kongolam. Taron kuma a yi shi a bakin iyakar, ba a otal ba, kuma wakilanku su zo a motar haya.

Wassalam,
Wani dattijo ɗan fansho, daga Katsina.